Hular Ƙanena Cikin Bado

Shekarar da Turawa suka kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, Baba ya nome ciyawar bayan gidanmu, ya haƙi ƙasar gini. Ruwan sama ya cika ramin, Inna ta zuba bado daga tafkin Kalmalo, ta kewaye shi da lalle.

Wata la'asar, bayan lallen ya yi fure, na hango hular ƙanena cikin badon. Na kurma ihu. Inna ta faɗa ruwan da zanenta, tana lalube tana salati. Can ta ɗago kai, ta nuna gindin lalle, inda ƙanena ke ta barci.

"Ga ɗan neman can! Kwana shikai!"

Ta zauna daɓas cikin laka, tana dariya tana hawaye. Yau na tsufa, amma ƙamshin furen lalle har yanzu ajiyar zuciya yake sa ni.