Layin da Baba Ke Kwanciya

Jirgi ya yi kuka daga nesa, masu kwance kan layin dogo suka watse. Tsohon bai motsa ba. Ƙeyarsa na kan ƙarfe ɗaya, dugadugansa kan ɗayan, yadda marasa lafiyar unguwarsu a Jakarta ke yi don lantarki ya zuƙe musu ciwo.

"Ke, janye ubanki mana!" wata ta daka wa 'yarsa tsawa.

'Yar tasa ta gyara goyonta.

"Yau wutar da ƙarfi, 'yar nan," in ji tsohon.

"Sosai, Baba."

Jirgin ya wuce ta ɗaya layin. Tun da tsohon ya makance, kan mataccen layin da Turawan Holan suka bari 'yar take kwantar da shi, ƙarƙashin turaku masu tsatsa da ba sauran waya a kansu.