Yatsa Ɗaya, Suna Ɗaya

Dogo yana sunkuye a bakin famfo yana wanke fuska, hannunsa na dama dafe da gefen tankin siminti, aka lulluɓa masa bargo ta baya. An doke shi a bayan gwiwa, ya durƙushe. Duka na biyu ya sauka a hannun da ke kan tankin, ƙashin ya ce ƙas kamar busasshen reshe. Kafin ya yaye bargon, tsakar gida wayam. Wayarsa tana nan inda ya ajiye ta.

Saura awa biyu a buɗe ƙofar jarrabawa.

Jarrabawar ɗaukar injiniyoyi ce a ma'aikatar hanyoyi da gadoji. Dubbai ke zama, a ɗauki arba'in. A bakin ƙofa akwai na'urar da kowa ke dangwala wa babban yatsan dama. Ranar da ka fara dangwalawa za ta haɗa yatsan da sunan da ke kan katinka, shi ke nan har ka koma ga Mahaliccinka. Katin da ke aljihun Dogo hotonsa ne a jiki, amma sunan na Ɗan Gata ne, ɗan kawunsa.

Tare suka gama karatun injiniya. Dogo maraya ne, kansa na ja. Ɗan Gata kuwa ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira mai gyara. Kawu ya yanke cewa Dogo zai zauna wa ɗansa bana, baɗi a san yadda za a yi. Babu wani baɗi. Yatsan da ya zama na Ɗan Gata ba ya sake zama na Dogo. Sau ɗaya ya buɗe baki zai faɗi haka, Kawu ya rufe masa shi da mari har leɓe ya fashe.

"A gidan uban wa ka ci ka yi wannan tsawon?"

Kaka, uwar Kawu, tana zaune a gefe tana fiƙe 'yan sandunan gora. Shekara arba'in tana ɗorin karaya a unguwar. Ba ta sa baki ba. Da ɗan nata ya fita, ta ce wa Dogo ya miƙo hannu, ta auna da zare, wai riga za ta ba da a ɗinka masa.

Ranar da abin ya faru ita ta fara isa kansa, tana haki irin na tsufa. Ta kwantar da shi a ƙasa, ta sa diddige a hammatarsa, ta kama tsintsiyar hannun ta ja. Dogo ya kurma ihu ya yi amai.

"Rufe min baki, ba haihuwa kake yi ba."

Ta jera sanduna huɗu ta ɗaure. Sun zauna daram, babu wadda ta yi tsawo.

Kawu ya fito da ƙaramar riga, ido jajur. Ya cusa wa Dogo biro a hannun hagu, ya ce ya zana gada. Layin ya fito kamar sawun tsutsa. Kaka ta leƙa takardar ta ce wannan gadar ko kaza ba za ta yarda ta hau ba. Kawu ya ɗaga kujera ya rotsa ta a bango. Ɗan Gata ba shi da halin zuwa da kansa, fuskar wani ce a katin. Ya shige ɗaki ya sa sakata.

Fushin ya sauka a kan mai gadi. Kawu ya kira ƙarti biyu suka ɗaure shi a jikin ƙofa, suka yi ta tafkarsa da wayar lantarki da gorar ƙarfe, wai ya faɗi wanda ya buɗe wa. Jini na zuba ta hancinsa yana maimaita magana ɗaya: ƙofar nan a kulle take tun jiya, makullin na ƙugunsa. Sai da haƙarƙari biyu suka tafi, sannan Kaka ta shiga tsakani da sandarta.

"Ka ƙara masa ɗaya, na tsine maka a gaban 'ya'yanka."

Ita ta ɗaure wa mai gadin ƙirji, ta ciyar da shi mako uku daga tukunyarta. Mutane suka yi mamaki, don ba a san ta da taushin zuciya ba.

Kawu ya ce hannun da bai amfane shi ba ya daina shiga kwanonsa. Dogo ya kwashe littattafansa ya koma ɗakin Kaka. Bayan mako shida ta kwance ɗorin, hannu ya fito sambal. Ta sa shi matsa ƙwallon tsumma safe da yamma, in ya yi sanyi ta ɗaɗa masa sanda a gadon baya.

Da shekara ta zagayo ya dangwala yatsansa da katinsa. Na uku ya zo. Ya kawo mata takardar kama aiki, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, don ba ta san baƙi ba.

"Sunan wa ke jiki?"

"Nawa, Kaka."

"To ajiye, ka ɗebo min ruwa."

Ya ɗauki bokiti yana dariya, ya ce har yanzu yana jiran rigar nan tasa. Ta ce telan ya mutu.

Da ya fita, ta kwance bakin zanenta ta ciro zaren awon. Ƙulli ɗaya ne a jikinsa, yatsu huɗu sama da tsintsiyar hannu, inda ƙashi ke haɗewa da wuri ba tare da an taɓa jijiyar babban yatsa ba. Ta jefa shi a murhu, inda taɓaryar da ta karya hannun Dogo ta riga shi shiga tun bara. Shekara arba'in tana gyara karayar da wasu suka yi, wadda ta yi da hannunta ce kaɗai ba ta ba ta wahalar ɗori ba.