Ɗan Damben da Ya Ɗaure Hannunsa da Kansa

Kai da kake cewa namiji ba ya nuna ciwo, zauna ka ji.

An yi wani mahauci ɗan dambe a wani gari, mai hannu kamar taɓarya. Maigidansa tsohon ɗan dambe ne da ya ajiye kara, wato igiyar da ake naɗe hannun duka da ita, ya koma horar da masu tasowa. Horon tsohon ba a dantse ya tsaya ba. Kullum bayan sallar asuba yakan zaunar da su a ƙasa, kowa ya rufe ido, ya ja numfashi a hankali, ya bi jikinsa da tunani tun daga wuya har yatsun ƙafa, sannan ya nuna da yatsa inda ke masa ciwo. Yakan ce musu ciwo iri biyu ne. Na nama baƙo ne, ka ba shi wuri ya zauna, ka ci gaba da aikinka, zai gaji ya tafi. Na ƙashi kuwa ɗan aike ne, in ya yi sallama ka tsaya ka karɓi saƙo. Mahaucin nan ya fi kowa iya rabin farko. Sai a kumbura masa ido a fage, ya ja numfashi sau uku, ya koma kamar ba shi aka doka ba. Har makaɗa suka sa masa a kirari cewa dutse ba ya kuka, shi kuma ya ɗauki maganar ya rataya a wuya.

Ana saura kwana uku damben kaka, wani sa ya fizge igiya a mayanka, ya buga masa wuyan hannun dama a jikin turke. Ya ji abin ya ce ƙas. Washegari da ya rufe ido a gaban tsohon, ciwon nan ya yi masa sallama a fili, ba na nama ba ne, kuma ya sani. Amma da aka zo kansa sai ya saki hannun riga ya rufe kumburin, ya ce shi lafiyarsa lau. A al'adar gidan, maigida ne ke ɗaure wa ɗan dambensa hannu ranar wasa, yana naɗawa yana latsa kowace gaɓa da babban yatsa. Mahaucin ya san da zarar yatsan nan ya taɓa wurin, zance ya ƙare. Saboda haka ranar damben ya shiga ɗaki ya ɗaure abinsa da haƙori da hagu, ya fito ya ce an ba shi wani magani ne da ba ya son hannun kowa. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ƙyale shi.

Da la'asar fage ya cika. Yana zaune a gefe, hannun na bugawa cikin kara kamar ana daka, har ya yanke a ransa cewa yau ba zai fita ba. Sai kalangu ya ɗauki takensa. Maroƙi ya ambaci ubansa da kakansa, ya ce dutse ba ya kuka. Kafin ya san abin da ake ciki, yana tsakiyar fage. Wanda aka haɗa su wani manomi ne da bai fi kaka biyu da fara dambe ba, wanda a da ba zai kai turmi ɗaya a gabansa ba. Suka sa hannu. Mahauci ya yi ta kewaye yana tare duka da hagu, dama na rataye a baya ta ƙi tashi. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ɗaga murya ya tambaya ko rawa aka zo kallo. Jin haka ya rufe ido ya saki hannun da dukan ƙarfinsa, ya sauka a gwiwar hannun manomin. Ƙarar da ya yi, har masu sayar da fura a bayan taro sun ji ta, kuma uwarsa ya kira. Ya durƙusa ya dafa ƙasa. A dambe kuwa wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, wato an ci shi. Manomin ya tsaya sororo yana duban hannunsa, don ba dukansa ne ya kayar da mahaucin ba.

Maɗori da ya kwance karan ya ce da farko tsagewa ce kawai, da an ɗaure an huta kwana arba'in da ta haɗe. Yanzu ƙashin ya rabu uku, ko ya warke hannun ba zai sake dunƙulewa ba. Abin da ya fi karayar ci masa rai shi ne maganar gari, don an yi ta cewa tsohon ne ya tura yaronsa fage da karyayyen hannu. Tsohon bai kare kansa a gaban kowa ba. Ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce: "Na koya maka sauraron ciwo, kai kuma ka koyi toshe masa baki." Ya juya ya tafi. Mutumin bai iya ɗaga ido daga tabarma ba.

Yana nan a kasuwa har yau, yana yanka nama da hagu. In kalangu ya biyo ta layin mahauta, sai ya sunkuyar da kai ya shiga wasa wuƙar da ba ta dakushe ba. Da ya zauna ranar nan, da mutane sun yi surutu na mako guda sun manta. Shi ya sa Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.