Hoton Baba a Layin Gefe

Matso kusa ka ji abin da ya sa hoton Babanmu yake kife a ƙasan akwatina.

Washegarin Babbar Sallah da la'asar, mai hoto ya zo mana Kurmin Kogi daga Makarfi. Baba ya sa farar riga, ya tsaya tsakiyar ƙofar zaure yana fara'a. Mai hoto ya girgiza kai. "Baba, ai ba a sa mutum a tsakiya. Gida uku ake raba hoto, matsa layin gefe."

To, a gefen nan aka juye kashin tumbin ragonmu tun ranar yanka. Rana ta dafa shi, koren ƙuda ya rufe shi. Har yau ban manta warin nan ba. Tir!

Baba ya ji kunyar baƙo. Ya tsaya, ya riƙe numfashi, fuska a yamutse. Ƙyas! Mai hoto ya ɗauka.

Hotonsa ke nan tilo a duniya. Mutumin da dariyarsa ke tsallake katanga, amma da 'ya'yana suka gani sai suka ce, "Kai, wannan tsoho ya cika fushi!"

Da kai ne, za ka rataye shi a bango?