Haɗi na Goma Sha Huɗu

Tukunya na tafasa, Malama na tsaye a kanta da ludayi, idanunta na zubar da ruwa saboda yajin kanumfari. Wannan ne haɗi na goma sha huɗu, kuma mijinta ya riga ya rantse: in shi ma bai kori sauro ba, tukwanen gwajin nan za su bar masa kicin, ba kuma za su dawo ba.

Kada ka ga laifin bawan Allah. Haɗi na huɗu, wanda ta sa wa zuma, tururuwa ya gayyato har cikin gado. Na tara ya yi kora kam, amma mijin ya kora, ya yi kwana uku a falo, sauro kuwa ko gezau. Na sha ɗaya ya mayar masa da hannu kore shar, haka ya je ofis yana ɓoye shi a aljihu. Tun ranar ya ce fatarsa ta yi murabus.

Shekara talatin Malama ta yi tana koyar da kimiyya, ba wanda ya taɓa yi mata dariya. Yanzu ga matan gidan benen da take zaune suna kiran ta Likitar Sauro, suna taɓa juna in ta wuce. Wannan ya fi batun tukwanen yi mata ciwo.

Sai ga sabon maigadi an kawo. Dattijo ne shiru-shiru, mai tafiya a hankali, kullum da safa da takalmi sau-ciki ko da ana zuba zafi. Bencinsa kuwa a bakin kwata yake, inda sauron unguwa kaf ke taro da yamma. Malama na hango shi ta ce a ranta, shi ke nan, an samu.

Ta sauka da kwalba. Ta zayyano masa abin da ke ciki: ganyen darbejiya, ɓawon lemun tsami, kanumfari, na'ana'a, duk an dafa a man kwakwa an tace. Ta kuma kafa masa doka irin ta aji. Ƙafa ɗaya zai riƙa shafa wa, ɗayar ya bar ta haka, don a ga bambanci. Ya naɗe wando zuwa gwiwa in ya zauna. Kwana bakwai.

"Ta hagu za ka shafa wa, Baba."

"Malama, ai ita ta hagun..."

"Kada ka damu, ba ya zafi."

Malama dai haka take. Tun tana aji ba ta taɓa barin kowa ya kai ƙarshen magana ba, don ta riga ta san abin da zai ce.

Kowace safiya takan tsaya a kan matakala da littafinta, ba tabarau, don ta ce yana tsufar da ita a gaban mutane. Baba zai ɗaga wando, ita kuma ta leƙa daga nesa, kamar yadda ya dace da matar aure. Ranar farko ƙafar dama ta yi ƙuraje jajur, ana ganin su ko ba tabarau. Ta hagu kuwa sumul, sai sheƙi.

"Tana maka ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan. Ai rabon da ta yi mini ƙaiƙayi tun..."

"Madalla!"

Ta rubuta. Ta kuma rubuta cewa man ba ya saurin bin jiki, tun yamma har safiya yana nan raɗau, wato kwalba ɗaya za ta yi wa iyali wata guda.

Kwana na huɗu ƙafar dama ta kumbura. Baba na susa har yana lumshe ido. Wallahi ya ba ta tausayi, ga kuma man sanyaya cizo da ta haɗa yana ajiye a firji, amma in ta ba shi gwaji ya lalace. Ta ce ya daure saura ƙiris, ta aika masa da shayi mai kauri.

Kwana na shida ba ta iya haƙuri ba. Ta bi ƙofa ƙofa tana gayyatar matan nan da ke taɓa juna: gobe bayan azahar, a falonta, kowa ta zo da idonta. Ta dafa babbar tukunya, ta cika kwalabe ashirin, ta manna wa kowace takarda. Mijin ya tsaya yana kallo. Har ya miƙo hannu a shafa masa, ta ce sai ya bi layi.

Ranar ta zo, falo ya cika maƙil. Mijin ya goge kujerar da shaida, wato Baba, zai zauna, da hannunsa. Malama ta karanta sakamakon kwana bakwai da muryar aji: dama, cizo ya wuce ƙirga, hagu, babu ko ɗaya. Matar hawa na uku, wadda ta raɗa mata sunan nan, ta ce ita sai ta gani da idonta.

"Yanzu kuwa," in ji Malama.

Ta ɗauki man sanyaya cizon, don Baba ya ci ladansa, ta sauka zuciyarta fes. Matan suka kasa jira, suka biyo ta duuu, mijin na bayansu. Benci ba kowa, lokacin hutunsa ne. Ƙofar ɗakin gadi a buɗe take rabi. Ta yi sallama sau biyu, shiru, sai ta tura, ta ja gefe don kowa ya samu wurin gani.

Baba na kwance a tabarma yana sharar barci, hannunsa na susar ƙafar dama. Ta hagun kuwa, ta roba, tana can jingine da bango da safarta da takalminta, ta sha mai sai ƙyalli take yi.