Rabin Inabin da Tsoho Ke Zubarwa

Kwanakin nan ko abinci ba ya shiga mini. 'Yar gonar inabin da marigayi maigidana ya bar mana ce ta fara 'ya'ya sosai a bana, sai ga babban ɗana Tasi'u wai zai tsinke rabinsu tun suna ɗanye ya zubar. Ni da nake da ƙannensa a gabana, gonar nan ce cinsu da makarantarsu. Na ce masa kada ya kuskura. Da na kai kuka wurin Kawu Magaji, wanda ya sha yawon duniya a ƙuruciyarsa, sai ya ba ni misali.

Ya ce a wata ƙasa mai tuddai akwai wani tsoho da iyalinsa, gonarsu ba ta fi a zagaye ta da tafiya kaɗan ba. Farin inabi suke nomawa, su matse, su zuba a ganga, ya zama farar giya, garau, mai ɗan launin zuma. Ya ce abin shan nasu ba namu ba ne, amma aikinsu abin kallo ne. Duk shekara, 'ya'yan inabin na kai girman wake, sai tsoho ya bi layi-layi da matarsa da 'ya'yansa suna ragewa, ƙasa ta yi kore shar da abin da suka zubar. Maƙwabcinsa mai ƙatuwar gona yakan leƙo ta kan shinge yana dariya, nasa rassan har sun sunkuya don nauyi. Ranar da 'yar tsohon ta yi kukan asara, abin da ya ce mata kawai shi ne, "Saiwar guda ce, 'yata. In bakuna suka yi yawa, babu mai ƙoshi."

Sai wata shekara ruwa ya zarce lokacinsa. Na maƙwabci sun cunkushe, iska ba ta ratsa su, rabi ya ruɓe a kan itace, sauran kuma salam kamar ruwa. Maƙwabcin ya cika ganguna da yawa, duk wanda ya ɗanɗana sai ya yamutsa fuska ya wuce. Na tsoho kuwa sun sha iska da rana, suka nuna da zaƙi. 'Yan gangunansa ba su taka kara sun karya ba, amma tun daga birni ake hawo tudun nan ana roƙon a sami ko kwalba ɗaya.

To, jama'a, na ji, kuma wallahi mutanen nan sun burge ni. Amma jin labari daban, ganin 'ya'yan gonar marayu zube a ƙasa daban. Tasi'u ya ce in aka ƙara jinkiri sun wuce ragewa. Ku da kuka san noma, in sakar masa ne ko in hana? Shi dai Kawu da na tambaye shi, takalmansa ya jawo, ya ce, "Ke dai kin san abin da Hausawa ke cewa: ba girin-girin ba, ta yi mai."