Tabaraun Hedimasta

Satin da Hedimasta ya yi ritaya ya shigo gida da kwali a hammata. A ciki akwai irin ƙaton tabaraun nan na zamani da ake ɗaurawa a kai, wanda ke rufe rabin fuska, ya kai mutum wata duniya alhali yana zaune a kujerarsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa ɗalibai rawar jiki da tari ɗaya, ga shi a tsakiyar falo yana kama iska da yatsu.

"Me kake gani a ciki?" ta tambaye shi.

"Teku," ya ce. "In na sa shi, ko bango ya faɗi ba na ji. Kada a dame ni."

Da farko duk baƙon da ya yi sallama sai ta ruga ta roƙe shi ya cire, kada a ce ya zautu. Ya ƙi. Maƙwabta suka riƙa shigowa aron abin da suke da shi a gida, don dai su gani da idonsu. Ƙanwar Mama ta yi dariya har da hawaye. Amma kafin wata ya ƙare ido ya saba. Ana gaishe shi ba a jiran amsa, a wuce shi kamar yadda ake wuce firji.

Daga nan Mama ta gano daɗin abin. A da, duk maganar gidan a kicin ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa. Yanzu falo ya zama nasu. Kullum da la'asar ita da ƙanwarta da 'yar autarta sukan miƙe ƙafa a gaban kujerarsa, su baje hira. Ko wuta ta ɗauke kwana biyu, shi tekunsa ba ya ƙafewa. Jikoki sun yi ta roƙon ya ba su su leƙa, ya ce yana ɓata idon yara.

A nan Mama ta tona cewa tsohuwar kwat ɗinsa da ya daɗe yana nema ba ɓeraye suka ci ba, ita ta yanka ta yi tsumman goge-goge. A nan ta kwaikwayi minsharinsa da tafiyarsa ta zuwa taron safe, hannu a baya, ciki a gaba. Wani lokaci kafaɗunsa kan girgiza. Sai ta nuna shi da baki ta ce, "Ku gan shi, kifi ke ba shi dariya."

A nan kuma Auta ta yi kuka. Ta sami aikin da take so a wani gari mai nisa, ranar ba da amsa ta matso, ta kuma san Baba ba zai taɓa yarda ba. Suka yi kwana biyu suna tsara yadda za su tunkare shi. A na uku, yana shan shayi, ya ɗago kai haka kawai, ya dubi Auta.

"Yarinya mai takardu irin naki ba ta zaman gida. In aiki ya samu, ko a ina ne, ki je."

Mama ta ce lallai tekun nan ya wanke masa zuciya.

Wata Asabar da safe ya tafi aski. Tana kakkaɓe tebur, gefen zanenta ya jawo tabaraun, ya faɗi ƙasa, gilashinsa ya tsage. Ba faɗansa take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne tsohon Hedimasta ya dawo da idonsa da kunnensa, a sake komawa raɗa a kicin.

Ta naɗe shi a mayafi, ta nufi shagon mai gyaran waya a bakin titi, tana waige kada su yi kiciɓis da Hedimasta.

"Ɗana, ka taimaka ka gyara kafin azahar. Maigidan ba ya iya wuni ba shi."

Mai gyara ya kwance ƙusoshi huɗu, ya buɗe. Ya leƙa ciki, ya juya shi, ya girgiza shi kusa da kunne. Sannan ya dube ta.

"Mama, kin ce kullum yana sa shi?"

"Wata huɗu ke nan, ba fashi."

Ya ɗaga tabaraun ya kara a fuskarsa, ya kalle ta ta ciki.

"To ai wannan na talla ne, irin wanda ake sa wa mutum-mutumi a shago. Ba batir, ba waya, ba komai a ciki. Baƙin gilashi ne kawai. Ga shi ina ganinki tar, ina kuma jin ki sarai."